Kwarin da Muka Ce Babu Komai a Cikinsa

Shekarar da aka ga zinariya a Jado, Agadas ta wayi gari babu samari. Mai gyaran moto ya rufe rumfa, mai tura ruwa ya jingine kurarsa, har ladanin unguwarmu ya bar wa ƙanensa kiran salla ya hau mota. Ni ban je ba. Ina da jakuna uku da amalanke da lauje, kuma ina da kwarina, wanda a lokacin nake ganin ya fi kowane rami na Jado.

Sana'ata yankan ciyawa ce. Ina kawo ta gari in sayar wa masu tumaki da awaki a cikin gida. Dogon karan ciyawar da ake kira afazo kuwa matata ke warewa, ta saƙa asabari da shi. Dajin da muke yanka ba na kowa ba ne, ƙasar gwamnati ce, duk wanda ke da lauje yana da hakki. Saboda haka ne ma kowannenmu ke ɓoye inda yake samun tasa. In ka tambayi mai ciyawa ina ya samo kaya mai kyau haka, amsa ɗaya ce: "Can gaba." Mukan fita ta gabas in za mu yamma. Mukan ɗaura reshen ƙaya a bayan amalanke ya riƙa share sawu. Mahaifina bai nuna mini kwarin nan ba sai da gemu ya fara fito mini, kuma ya ce ko matar da zan aura kada ta ji. Ba ta ji ba. Har yau in ta so tsokanata, "Malam Can Gaba" take ce mini.

Kwarin yana bayan wani dogon tudun rairayi, in ka bar hanyar Cirozerin ka yi hagu. Daga nesa ba ka ganin komai sai tudun. In ka zagaya shi kuwa, afazo ne tsaye har ƙirji, saiwarsa ta riƙe ƙasa, kuma ko shekarar da ruwa ya yi rowa ba ya ƙarewa.

Da samari suka fara dawowa daga Jado, waɗanda Allah ya ba su sun dawo da manyan motocin nan da ake kira kat-kat. Ran Lahadi sai su fita bayan gari, su rage iskar ƙafafun mota, su hau tudu su gangaro, su yi ta juyi suna ihu. Ban ga laifinsu sosai ba. Wanda ya yi watanni cikin rami, dole ya so iska ta buge shi. Sai dai ƙafar mota ba ta san ciyawa ba. Filayen kusa da gari, waɗanda kowa ya sani kuma kowa ke yanka, suka fara zama kamar an yi sussuka a kansu.

Muka kai kuka wurin hukuma, a bayan wani tsoho da muke kira sarkin ciyawa, ko da yake babu wanda ya naɗa shi. Abin mamaki, aka saurare mu. Aka ce za a kafa doka a raba dajin gida biyu: inda ciyawa take, a hana motocin wasa shiga, inda babu komai, a bar musu su yi ta juyinsu. Aka turo mana wani jami'in kula da daji, mutum mai sanyin murya, ya ɗauke mu mu huɗu a motarsa domin mu nuna masa wuraren ciyawa ya sa su cikin dokar.

Kafin mu hau, tsoho ya ja mu gefe.

"Ku ji nan, ƴaƴana. Abin da ya shiga takardar gwamnati ya shiga kasuwa. Gobe duk mai jaki a garin nan ya san wurinka. Mu nuna masa na kowa, kowa ya riƙe nasa a ciki."

Duk muka ce haka ne. Ni har na ji daɗin samun shugaba mai hankali.

Muka nuna masa filayen kusa da gari, waɗanda motoci suka riga suka cinye. Da ya ce bai isa ba, muka ƙara masa da wani fako mai baƙaƙen duwatsu, inda ko akuya ta shiga sai ta fito tana ɗingishi. Ya sauka, ya duba ƙasa, ya dube mu.

"Baba, nan ne kuke yanka?"

"Nan ne, shef. Bari ka ga damina."

"To. Amma ku ji da kyau. Duk inda ba ku nuna mini ba, zan rubuta babu komai, kuma can za a tura motocin."

"Mun ji, shef."

A hanyar dawowa sai ya tsaya daidai tudun nan nawa. Ya nuna shi da hannu.

"Bayan wannan fa?"

Tsoho bai ko waiwaya ba. "Rairayi da ƙadangaru."

"Ka tabbata, Baba? Mu zagaya mu gani, ba nisa."

"Kai dai, shef, kada ka ɓata esansin gwamnati, man mota yana tsada. Tun kafin a haifi babanka nake bin dajin nan."

Jami'in ya dubi sauranmu ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya sa ido a kan takalminsa. Ni ina ta yi wa tsoho addu'a a zuci, ina cewa Allah ya rufe masa ido bai taɓa zagaya tudun ba, ga shi rashin saninsa ya cece ni.

A lokacin na riga na shiga makarantar yaƙi da jahilci, bayan la'asar, muna zaune kan tabarma mu da masu furfura irina. Ina tafiya a hankali, amma ina tafiya. Abu na farko da na karanta da kaina a waje, ba malama kusa da ni, shi ne allon ƙarfe da aka kafa bayan an sa wa dokar hannu. Akwai Faransanci a sama, Hausa a ƙasa. Na bakin fakon duwatsu ya ce wurin ciyawa ne, an hana motoci shiga. Na tsaya na haɗa haruffan, na ji kaina ya yi girma. Kwana kaɗan bayan haka na tarar da na biyu a gindin tuduna. Shi ma na karanta shi, ba kuskure ko ɗaya. Ya ce filin wasan motoci.

Lahadin farko na je da wuri, na tsaya kan tudun da jakuna. Sai ga wani amalanke ya ɓullo ta arewa, da reshen ƙaya yana ja a baya. Sarkin ciyawa ne. Ta kudu kuma ga sauran biyun da muka hau mota tare. Muka tsaya muna kallon juna.

"Me ya kawo ka nan?" in ji tsoho.

"Kwarina ne, Baba. Mahaifina ya bar mini."

"Kwarinka? Yaro, mahaifinka a bayana ya biyo ya gan shi."

Na ukunmu ya ce kakansa ne ya fara sa lauje a wurin. Ashe shekara da shekaru muna yanka kwari ɗaya, kowa ta kusurwarsa, kowa a ranarsa, kowa yana share sawu don kada sauran su gani. Ni da nakan ga an taɓa ciyawar, raƙuma nake zargi. Muna cikin gardamar wanda ya riga wani, motoci suka iso.

Mun koma wurin jami'in, mu huɗu, wannan karon da baki ɗaya. Ya ba mu wurin zama, ya sa aka kawo ruwa.

"Baba, ba kai ka ce ƙadangaru ba?"

"Akwai su, shef. Amma akwai ciyawa kuma."

Bai yi dariya ba, Allah ya saka masa. Ya ce doka ta wuce hannunsa, gyara ta sai an sake zama, an sake aikawa sama, an jira. Ya ce zai rubuta. Na yarda ya rubuta. Sai dai afazo ba ya jiran zama. In ƙafar mota ta tumɓuke saiwarsa, rairayi ya taso ya rufe wurin, shi ke nan.

Na ci gaba da zuwa ina yankan abin da ya rage a gefe. Wata Lahadi motar ɗan maƙwabcina ta nutse har ciki a tsakiyar kwarin. Yaron kirki ne, ya girma a gabana, bai taɓa wuce ni bai gaishe ni ba, tonton yake ce mini, wato kawu. Ya taho da gudu, rawaninsa na warwarewa.

"Tonton, sannu da aiki. Don Allah ɗan ba mu ciyawar nan mu sa ƙarƙashin ƙafa."

"Ta tumaki ce."

"Haba tonton, ai ga ta nan ko'ina."

Na duba ko'inan da yake nufi. Sannan na sauke masa dami biyu, na taya shi da abokansa tura su ƙarƙashin mota, na kuma sa kafaɗa muka tura. Ta fita. Ya leƙo ta taga yana murna.

"Wallahi tonton, ciyawarka akwai kyau. Ina kake samo ta?"

Na ce masa can gaba.

Fakon duwatsu yana nan lafiya. Doka ta tsare shi sosai, babu motar da ta taɓa shiga, kamar yadda babu wadda ta taɓa shiga kafin dokar. Allonsa ma bai yi tsatsa ba. Nakan bi ta wurin in karanta shi don kada karatu ya kwance mini. An ce maganar gyara tana nan tafe, kuma ina jira, don jira ba ya ba ni wuya.

Abin da ya tafi ga shi. Kwari ɗaya. Jakuna biyu cikin uku, don ba a ciyar da jaki da allo. Saƙar asabarin matata, wadda ta naɗe kayanta ta sa ƙarƙashin gado. Gaisuwa tsakanina da sarkin ciyawa, wanda har ya rasu yana cewa mahaifina ne ya bi sawunsa. Da reshen ƙayar da nake ɗaurawa a bayan amalanke, wanda matata ta sa a murhu.