Gaisuwar da Ta Buɗe Hanyar Yumɓu

A shekarata ta biyu a jami'ar garinmu na kamu da zazzaɓin gyaran duniya. Wani malami ne ya ja mini, da ya koyar da mu yadda talakawa a ƙasashe daban-daban suka haɗa kai suka ƙwaci haƙƙinsu, wasu da yajin aiki, wasu da tattaki riƙe da kwalaye. Ina fitowa daga aji jikina na rawa. A gida kuwa na ishi kowa, ko gishiri ya yi kaɗan a miya sai na ce zalunci ne.

Sai ga abin nema ya samu. Innata maginiyar tukwane ce kamar uwarta, da randa da tulu da kasko ta kai ni inda nake. Wani attajiri ya sayi gonar da ke tsakanin unguwarmu da fadamar da mata ke haƙar yumɓu, ya zagaye ta da katanga, har da 'yar hanyar da muka gada kaka da kakanni. Zagayen da ya rage ya fi ƙarfin gwiwar Inna. Mako biyu ba ta taɓa laka ba. Na gan ta zaune tana kallon hannayenta tas da su, abin ya tsaya mini a rai.

Na ce yau ga ranata! Na rubuta takardar koke shafi uku, na bi gida-gida neman sa hannu. Duk inda na shiga sai a ba ni ruwa, a sa mini albarka, a ƙi taɓa biro. Wata tsohuwa ta ce, "'Yar nan, dangwala yatsa a takarda ne ya raba mu da gonarmu." Na dawo da suna uku, ciki har da nawa, na zauna ina huci ina cewa mutanenmu ba su waye ba.

Inna ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Ke mai ilimi, kin je kin gaida mutumin?"

"Gaisuwa kuma, Inna? Wanda ya zalunce mu?"

"To, mu za mu je."

Ta sayi goro ta aika gidan kowace maginiya, kuma wadda ta karɓi goron gayya ta san ta ɗauki alkawari. Ranar Juma'a da hantsi, Alhajin da ya gina katangar na shirin fita kasuwar shanu, sai ya tarar da ƙofar gidansa cike da mata, wasu sun isa haihuwarsa. Babu kwali, babu ihu. Inna ce ta fara durƙusawa.

"Alhaji, ina kwana? Ina gajiya? Yaya iyali? Yaya Hajiya da jiki? Yaya kasuwa? Ya muka ji da zafi?"

Ya amsa ɗaya bayan ɗaya, yana ta cewa, "Haba Inna, tashi mana." Ta rufe da, "Madalla. Mu ma lafiya lau, sai dai hanyar yumɓu."

Ta ja gefe, ta biyu ta matso, ta ɗauko daga "ina kwana". To wa zai tsallake tsohuwa tana durƙushe tana gaishe shi? Direba ya tada mota, ya kashe, ya sake tadawa. Ni ina baya ina danne dariya da mayafi, murna kamar ta kashe ni. Ashe abin da nake ta haddacewa a aji ne nake gani da idona, sai dai da zani da mayafi ya zo! Inuwar darbejiyar ƙofar gidan ta bar kanmu layin bai kai rabi ba, kasuwa kuwa ta ci ba da shi ba.

Washegari muka koma, har da matan Utai, wani ƙauye kusa da mu, da suka ji labari. A rana ta uku, Inna na buɗe baki Alhajin ya ɗaga hannu biyu.

"Inna, don girman Allah, lafiya lau, kowa lafiya lau! Yau za a fasa katangar."

Aka fasa, daidai faɗin mace da kwando a ka, muka bi ta da guɗa har fadama.

Da yamma Inna na cuɗa yumɓu na fito da takardata zan hura wuta da ita, don kunyar takardar nake ji. Ta ce, "Kawo nan, ai ke kika fara tada mu." Ta dangwala babban yatsanta, jage-jage da laka, a ƙarƙashin sunana.

Takardar na nan cikin akwatina. Har yau ban yarda kowa ya kakkaɓe lakar ba.