Dariyar Farko ta Tazbah

Leland Etsitty mai walda ne. Shekara goma sha ɗaya yana bin bututun mai daga jiha zuwa jiha, mako uku a can, kwana biyar a gida, a gindin jan dutsen da surukarsa Verna take kiwon tumaki, kusa da garin Chinle. A waya ya ga haƙorin farko na ɗansa. A waya ya ga 'yarsa ta biyu ta saki kujera, ta yi taku uku, ta zauna daɓas. Ya yi ta maimaita bidiyon a ɗakin haya har ya haddace inda ƙafar take karkacewa.

Da aka haifi auta, Tazbah, sai ya ƙudurta abu ɗaya: dariyarta ta farko a gabansa za a yi. A al'adar mutanensu jariri bai gama zama ɗan duniya ba sai ranar da ya yi dariya, kuma wanda ya sa shi dariyar shi zai ciyar da dangi. Shi ya sa baƙi kan tsaya bakin ƙofa su tambaya, "Ta yi?" kafin su yarda su yi mata wasa.

Tana wata uku ya dawo. Ko takalmi bai cire ba ya tambayi matarsa Arlinda.

"Ba ta yi ba. Fuskarka ta ɗauko, kamar alƙali ranar shari'a."

Kwana huɗu yana fama. Ya yi kukan akuya, ya kifa tukunya a ka, ya hura kumatu. Tazbah na ɗaure a allon da suke goyon jarirai a kai, tana bin sa da idon tsohuwa.

"Ɗana, ka huta," in ji Verna. "Ko tumaki sun fara tausaya maka."

Rana ta biyar da safe ya gama loda mota, ya kwance yarinyar ya rungume ta don sallama. Verna ta fito da bokitin dusa. Wani tsohon rago ya cusa kai ciki, ta ja, ya ja, tana cewa, "Sakar mini, marar kunya." Rago ya yi gaba da bokiti a ka, yana karo da shinge.

Leland ya ji wani abu ya motsa a ƙirjinsa, kamar tsuntsu a cikin riga. Sannan sautin ya fito, ɗan siriri, sau biyu.

Tazbah ta yi dariya.

"To, wa ya sa ta?" in ji Arlinda a hankali.

"Ragon nan ne, kuma rago ba ya girki." Verna ta dubi surukinta. "Kai kake riƙe da ita."

Ya san ba shi ya sa ta ba. Ya laluba ransa, bai samu inda hakan ya yi masa ciwo ba. Ya kira shugaban aikinsu ya ce sai Litinin. Mutumin ya ce bai yi alkawarin ajiye masa gurbi ba. Leland ya ce ya ji.

Ran Asabar aka yi farfesun tunkiya da soyayyen burodi. Dangi suka jeru da farantansu, Leland na sa ƙwayar gishiri a tafin Tazbah, yana riƙe hannunta tana miƙa wa kowa, don ta tashi mai kyauta. Da aka zo kan Verna sai Tazbah ta damƙe gishirin ta ƙi saki. Leland ya sunkuya, ya buɗe yatsunta ɗaya bayan ɗaya.