Dakta Mashkura Datti: Ba Mu Yafe Ba

Ranar Talata, 13 ga Mayu, 2025, ana shirin azahar, muka tarar da ke kwance a ɗakin tanderu. Kafin mu isa asibiti rai ya yi halinsa. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Shekara shida ina ƙarƙashinki a ɗakin binciken kamfanin nan na Abuja. Ranar da na fara aiki kika zuba mini garin ƙarfen titaniyam a faranti, toka-toka kamar siminti, kika sa a tanderu, kika sakar masa iskar naitirojin. Da ya huce kika fito da shi, sai ga shi ruwan zinariya. Kika ce, "Zaituna, iskar ce ta shige shi ta yi masa ɓawo mai tauri. Wuta ta yi kaɗan, ɓawon bai kama ba. Ta yi yawa, iskar ta ratsa har ciki, sai ya dinga karyewa kamar kwalba." Burinki a samu ƙarfen da za a yi wa masu karayar ƙugu dashe da shi, ya daɗe bai cinye ba.

Ba ki raina kowa ba. Na tuna da muka je Kwali kika durƙusa gaban Mama Hannah mai ginin tukwane kina tambayarta yadda take gane wuta ta isa. Ta yi dariya ta ce, "Dakta, ke ce mai karatu!" Kika ce, "Mama, kin fi ni sanin wuta."

Ke kika koya mana cewa naitirojin ba ta da wari, shiru take cinye numfashi. Sau uku kina rubuta wa shugaban kamfani cewa bututun iskar yana yoyo, na'urar gargaɗi ta mutu. A gabana ya ce, "Madam, kin cika ƙorafi." Bayan kwana tara iskar ta cika ɗakin kina ciki.

Ranar sadakar uku ya zo da babbar riga yana cewa ƙaddara ce. Mun yarda da ƙaddara, amma sakaci yana da mai shi. Ba a yi arba'in ba ya aika bincikenki mujalla da sunansa a sama.

Oga, ka ji da kyau. Kwafin wasiƙun nan uku yana hannun lauya, littafin gwajinta da rubutun hannunta yana wurina. Na ajiye aikinka, kuma zan tsaya gaban alƙali. In ka sha a nan, akwai ranar da babbar riga ba ta ceto. Allah ya isa tsakaninmu da kai.

Yaya Mashkura, Allah ya jiƙanki, ya yalwata kabarinki, ya sa aljanna ce makomarki. Ga mijinki Malam Muktar da 'ya'yanki, Zahra da Kauthar, Allah ya ba ku haƙuri, ya kuma nuna muku sakayya da idonku. Amin.

Zaituna Lukman, Mararaba