Mutumin da Ya Hana a Wanke Sule

Ƙarfe takwas da rabi Malam Laouali yake sauka daga bas a tashar tsakiyar gari, ya taka zuwa wani ƙaramin shagon tsofaffin kuɗi da ke bayan Elm Street. Shagon ba nasa ba ne, na wani Bature ne. Nasa shi ne teburin can ciki, da fitila, da sikeli, da ɗan gilashin da ke ƙara girman abu. Yakan wanke hannu, ya shimfiɗa ƙyalle, sannan ya ɗauki kuɗi ta baki-baki, yatsa ba ya taɓa fuskarsa. Shekara ashirin da biyu ke nan. Ranar Juma'a zai ajiye aiki, don idon ya fara gajiya.

Aikinsa ya duba kuɗin Ingila na da, ya faɗi shekararsa, da yadda hannu ya cinye shi, da abin da masu tarawa za su biya. Mutumin Maraɗi ne, neman abinci ya kawo shi ƙasar Turawan nan kamar mu. A gwangwanin kakarsa, mai fatauci zuwa Jibiya, ya fara sanin sisi da taro da sule. Ba ya ƙara wa kuɗi daraja don mai shi ya ji daɗi, ba ya rage masa don shago ya ci riba.

Abin da Hajiya Fourera, mai abincin sayarwa a Gate City Boulevard, take ba da labari ya faru bara. Mahaifiyarsu ta rasu ta bar musu tsofaffin kuɗin azurfa na Ingila a ƙunshe cikin tsumma, ita da ƙanwarta Oumaima suka raba. Sun yi niyyar sayarwa su haƙa rijiya a ƙauyen marigayiyar, ladan ya je mata. Hajiya ta kawo nata rabon, ta zube a kan ƙyallen, yana walƙiya.

"Malam, ka gani? Kwana biyu ina fama da su, lemun tsami da toka. Ba zan kawo maka ƙazanta gaban Bature ba."

Malam Laouali ya daɗe yana duba guda ɗaya.

"Hajiya, kin iya wanki," in ji shi. "Amma wannan baƙin da kika cire, shi masu saye suke nema. Shi ke nuna ba a taɓa kuɗin ba. Yanzu duk karce ne. Sai dai a auna a biya ki kuɗin azurfa."

"Wai dauɗar ake saye?"

"Ita fa."

Ya faɗa mata abin da za ta samu. Ko rabin ramin ba zai haƙa ba. Wani da nan zai tsaya, don ya faɗi gaskiya, ya gama aikinsa. Shi sai ya ce, "Akwai saura?"

"Na Oumaima. Ni ma na koya mata yadda za ta yi. Yau ba ta da aiki, ta ce yau za ta..."

"Kira ta yanzu."

Sau uku waya na ƙara a wani gida can Wendover, ba a ɗauka ba. A na huɗu Oumaima ta amsa.

"Yaya, hannuna duk lemo ne, mi ya faru?"

"Kin zuba su?"

"Biyu kawai. Ke da kika ce in yi sauri!"

Malam Laouali ya karɓi wayar. "Madam, tsame biyun nan, ki ɗauraye da ruwa, kada ki goge. Sauran ki mayar cikin tsummansu."

"Tsumman ma yana wari, Malam."

"Bon, ba komai, kawo shi da warinsa."

A cikin rabon Oumaima ya sami manya guda uku masu kan Sarauniya Victoria, baƙi ƙirin, gashin kanta bai ko lafe ba. Ya gaya wa mai shagon cewa waɗannan sun fi ƙarfin teburinsu, ya cika wa matan takardun gwanjo da hannunsa. Kuɗin gwanjon ya ishi rijiyar, kafin damina aka sami ruwa.

Kai ne, Malam, mai ido da haƙuri. Kai ne ka ga mace ta yi asara da kyakkyawar niyya, ba ka yi mata dariya ba, ba ka kuma ɓoye mata ba. Mun gode. Allah Ya ƙara wa idon nan lafiya, Ya sa hutun ya yi albarka.

Mu kuma da muke wasu ayyukan, a asibiti ko sito ko bayan sitiyari, sai mu koyi wannan ƙarin tambayar da ba wanda ya biya shi ya yi.

Rijiyar tana can, mata na ɗiban ruwa suna yi wa marigayiya addu'a. A ƙauyen ba wanda ya taɓa jin sunanka. Mu nan mun ji.