Tulun Mama Dokas

A Mugulbu, ko ba ka san fuskar Mama Dokas ba, ka san hannunta. Ita ce mai buga tulu a zumuntar mata ta coci, tun tana amarya har furfura ta fito. In ta sauke faifan soso a bakin tulun nan, har mazan da ke gyangyaɗi a kujerun baya sai sun farka. Sauran kwanaki kuwa manomiya ce, gyaɗa da wake.

Da daminar bara ta zame a bakin rafi da dami a ka, ta faɗi kan kafaɗar dama. Aka shafa man zafi, aka yi ƙaho, hannu ya ƙi ɗaguwa. Abin ya dame ta ƙwarai, domin an sa bikin autarta Jessica bayan girbi, ita kuma ta rantse tulunta ne zai shigo da amarya coci.

Jessica ta kai ta wani asibiti a cikin Mubi, wurin likitar gashin ƙashi mai suna Sumayyat. Likita ta ba ta baƙin tabarau, ta ɗora mata wata na'ura kamar tocila a kafaɗa. Ta ce leza ce, haskenta na shiga nama ya rage ciwo da kumburi.

Dokas ta daɗe tana jira. "Dokta, kin fara ne? Ni ban ji komai ba fa."

"Mun ma gama, Mama. Za ki riƙa zuwa, kuma ki huta da aiki."

Ta bi umarni, ba laifi. Ta ajiye fartanya, ta daina daka, ko guga ba ta ja. Amma sauƙin da ta samu ranar Litinin, kafin Juma'a ya gudu. Sumayyat ta rasa gane kan abin, har ran da ta taɓa kafaɗar ta ji ta da ɗumi.

"Mama, me kika yi jiya?"

"Ba komai. Zumunta kawai na je, na buga tulu."

"Ba na ce ki huta ba?"

Dokas ta zare tabarau, da gaske mamaki take. "Wannan ai na Ubangiji ne, 'yata. Shi ma aiki ne?"

Sumayyat ta yi dariya har da hawaye, sannan ta faɗa mata gaskiya: in ta ci gaba, ranar biki ko cokali ba za ta ɗaga ba.

Labari ya kai ga matan zumunta, su kuma ba su da wasa. Duk ranar koyon waƙa sai su ɗaure mata hannu a jiki da ɗankwali, su miƙa wa wata 'yar zumunta, Dorathy, tulu. Dorathy mutuniyar kirki ce, amma bugunta kamar mai kakkaɓe tabarma. Dokas na zaune tana cizon leɓe, tana buga ƙafa, wani lokaci ta yi kuka a ɓoye. Leza da motsa hannu suka ci gaba, kafaɗa ta saki a hankali.

Ranar biki Jessica na tsaye a ƙofar coci, lulluɓi ya rufe mata ido, ba ta san wa ke riƙe da tulu ba. Sai aka sauke bugun farko. Ta damƙe hannun ƙawarta.

"Mama ne," ta ce. "Mu shiga."