Mai Kiran Tsakar Rana

Ko me zan manta a duniya, ban da abin da ya faru a shagon yayana a Ƙauran Namoda, shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Zamfara. Har yau in rana ta take, gari ya yi tsit, waya ta yi ƙara kusa da ni, sai tsigar jikina ta tashi kafin in kai hannu.

Yayana mutum ne mai shegen son sabon abu. Tun da aka ba mu jiha ya kafa wani ƙaton dish mai kamo tashoshin talabijin a bayan shagonsa, ya ja kebul bisa turaku zuwa gidajen mutane, suna kallon tashoshin waje suna biyansa duk wata. Da Shari'a ta zo aka rufe gidajen kallo, masu gida kuma suka fara jin nauyin a ga kebul ya shiga zaurensu. Kafin ka ce me, kasuwa ta mutu, aka bar Yaya da turaku da wayoyi suna lilo a sama. Wani zai zauna ya yi tagumi, shi kuwa sai ya ce ai wayar da ta kai hoto za ta kai murya. Lokacin babu salula, tarho kuwa sai a ofis ko gidan wani babban attajiri. Ya samo wani Bayarabe tsohon ma'aikacin tashar jirgin ƙasa, suka tattaro tsofaffin tarho masu hannun murzawa, suka gyara, suka rarraba a gidaje. In ka murza, ƙararrawa ta buga a shagonmu, ka faɗi gidan da kake so, mu haɗa ka. Ni ne mai zaman haɗawa, Yaya na karɓata in na tafi cin abinci.

Abin ya karɓu fiye da zatonmu. Mata suka samu hanyar yin barka da jaje ba tare da sun fita ba, 'yan kasuwa suna tambayar farashin gero daga kan tabarmarsu. Har wani Alhaji daga Shinkafi ya zo ya gani, ya ce zai zuba jari a kai abin garinsu, daga nan a wuce Zurmi. Yaya ya daina taka ƙasa don murna. Duk abin da ya mallaka yana cikin wayoyin nan, kuma shigar Alhajin ita ce za ta tsayar da shi da ƙafafunsa.

Sai aka fara kiran.

Kowace unguwa layi ɗaya gare ta, gidaje da yawa a kansa, don haka muna sanin unguwar da aka kira amma ba mu sanin gidan sai mai kira ya faɗa. Wata rana gab da azahar, rana ta ƙwalle, ko akuya ba ta motsi a titi, layin unguwarmu ya buga. Na ɗauka na yi sallama, aka kashe. Washegari haka. Na ce yara ne. Ranar da ta kama Yaya ne a kujera, sai ba a kashe ba. Na ga ya yi sallama, ya maimaita, ya ce, "Wa na na?" Sannan ya miƙo mini a hankali. Wallahi numfashi na ji, a hankali, mai nauyi, kamar na wanda ya kwanta kusa da kunnenka. Ina cewa "Salamu alaikum" aka kashe.

Muka gwada abin iya gwadawa. In ni ne, ko Bayaraben nan, ana jin muryarmu a ajiye. In Yaya ne, sai a tsaya ana saurare, ko zai kai yaushe yana magana. Kuma ba a taɓa kira da safe ko da yamma ba, sai daidai lokacin nan da iyaye ke hana yara fita don kada su yi gamo. Muka bi gidajen layin ɗaya bayan ɗaya, kowa ya rantse ba shi ba ne. Gidanmu ma yana kan layin, amma Innarmu ta ƙi jinin abin, ta kife shi da ƙwarya ta ce kada wanda ya taɓa mata. Gida guda ne ba mu samu shiga ba, na wani tsohon direban jirgi da ya rasu kwanan baya, magada suka garƙame shi da kwado kafin a raba gado. Na leƙa ta tagar zaure, na hango tarhon a kan kujerar mamacin, gizo-gizo ya yi saƙa a kai. Ban san lokacin da na ja da baya ba.

Ka san Ƙaura da labari. Kafin mako ya zagayo an ce mamaci na kiran mai waya. Wasu suka ce a'a, kebul ɗin ne ya ratsa ta cikin tsamiyar bakin rafi ba a nemi izinin masu wurin ba. Wata mata ta rantse ta ji ana kiran sunanta cikin tarho alhali yana ajiye. Aka fara dawo mana da kayanmu a cikin buhu, wani ma da sanda ya turo nasa. Yaya da ke dariya har a ji shi a tasha ya koma shiru, ya rame, idanu suka faɗa. In azahar ta gabato sai ya kama zufa yana kallon ƙararrawa. In ta buga ya ɗauka, ya karanta Ayatul Kursiyyu da ƙarfi, ya ce, "Mi kaka so gare ni? Na haɗa ka da Allah, mi ni yi maka?" Numfashin nan kawai. Ni ma tsoro nake ji, ba zan ɓoye ba, har na daina yarda in zauna shagon ni kaɗai.

Labari ya kai Shinkafi. Alhajin ya aiko cewa shi ba zai sa dukiyarsa cikin abin da ake ce wa wayar matattu ba. A yanke layin unguwar nan, a cire turakunsa kowa ya gani, in ba haka ba a bar maganar. Yaya ya ce bayan Juma'a zai yanke.

Kafin Juma'ar, zazzaɓi ya kama ni a shago, na taho gida da rana tsaka, lokacin da ban saba dawowa ba. Gidan shiru, an kora yara makwabta, ƙofar ɗakin Inna a saye. Zan wuce sai na ji wata 'yar murya siririya tana fitowa daga ciki, kamar mutum na magana daga ƙasan rijiya. Na tsaya cak. Na yi ta maza na leƙa ta jikin labule. Inna ce zaune a bakin gado, ƙwaryar nan a gefe, ta riƙe kan tarho da hannu biyu ta manna a kunne, idanunta a rufe. Muryar da nake ji ta Yaya ce, yana ta karatu yana roƙon a rabu da shi. Hawaye na bin fuskarta, amma wallahi murmushi take.

Yaya shi ne ɗanta na fari. Inna kuwa goyon Fulanin wajen Zurmi ce, masu kunyar da ta wuce misali. Tun da aka yaye shi aka kai shi wurin kakarmu, ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa kallonsa ido da ido ba. In ya shigo gaisuwa ta juya baya, ya durƙusa ya ce an kwana lafiya, ta amsa wa bango, ya tashi. Mun taso mun ga haka, ba mu taɓa ɗaukarsa komai ba. Ban taɓa tunanin cewa matar nan ba ta san yadda muryar ɗanta take ba in ya yi doguwar magana.

Ta buɗe ido ta gan ni. Ta ajiye tarhon a hankali ta mayar da ƙwarya, ta share fuska da bakin zane.

Na ce, "Inna, ashe ke ce? Kin san halin da ya shiga kuwa? Yanke layin nan za ya yi."

Ta sunkuyar da kai. Can ta ce, "Ni ban san tsoro nika ba shi ba. Na ɗauka karatu yaka yi man." Sannan ta ɗago ta dube ni. "In ka hwaɗa ma wancan, ban yahe maka ba."

Na fito zazzaɓin ma ya gudu. In na yi shiru, ko dai a yanke layi Inna ta rasa ɗan abin da ta samu, ko tsoro ya ƙarasa Yaya. In na faɗa, na ɗauki bakin uwa. Da na rasa mafita sai na shirya ƙarya. Na ce wa Yaya na haɗu da wani dattijo a Kasuwar Daji, ya ce irin wannan mai kiran ba a korarsa da tsawa, hira ake yi masa kamar baƙo har ya gaji ya tafi. Yaya ya harare ni ya ce, "Kai dai Allah ya shirye ka, hira da aljani?" Amma wanda tsoro ya ci, ko me ka ce masa zai gwada.

Ranar farko da ƙyar ya haɗa kalma biyu. Ya ce ana zafi. Ya ce gero ya yi tsada. Na fita waje don kada ya ga fuskata. A hankali bakinsa ya saki, ya koma ba da labarin 'ya'yansa, da faɗan da ya yi da mai gyaran janareta, da yadda ya faɗo daga kan turke yana saurayi bai gaya wa kowa ba. Wata rana har na ji ya tuntsire da dariya shi kaɗai, masu wucewa suna leƙe suna girgiza kai, an tabbatar mai waya ya taɓu.

Juma'a ta wuce, wata ta wuce, bai yanke ba. Alhajin ya zo da kansa ya tsaya a ƙofar shago ya ce yau yake son amsa. Yaya ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, layin ga ba ya yankuwa." Alhajin ya kaɗa babbar rigarsa ya shiga mota, ba mu ƙara ganinsa ba. Na ji haushi ƙwarai, don a zatona ƙaryata ce ta ja masa wannan asara. Daga nan kasuwar ta dinga ja da baya, masu tsoro suka gama ficewa, da salula ta iso kuwa ta binne sauran. Layi ɗaya ya rage yana aiki a duk garin, Yaya na gyara shi da hannunsa duk damina in iska ta tsinka.

Inna ta rasu bayan 'yan shekaru. Da aka share makoki muna zaune mu biyu a zaure, na ga alkawari ya sauka daga wuyana, na ce, "Yaya, akwai maganar da na daɗe ina riƙo, game da mai kiran nan."

Bai bar ni na ƙarasa ba. Ya ce, "Na sani. Tun cikin satin hwarko na hirar nan. Na hwaɗa ma wayar cewa cikina na ciwo, ban iya cin komi sai hura. Kahin la'asar sai ga yarinya daga gida da kwano, damun Inna. Aljani ba ya aiko hura."

Na ce, "To don me ba ka taɓa gaishe ta ba, ko sau ɗaya?"

Ya ce, "Da na ce Inna, da ba ta ƙara kira ba." Ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suka fara rawa. Ban taɓa ganin Yaya yana kuka ba sai ran nan, har a maƙabarta bai yi ba.

Abin da na koya shi ne, shirun mutum ba ya nufin babu komai a ransa. Akwai masu son ka da ba za su taɓa iya buɗe baki su faɗa ba, kuma ba kowa ke gane su tun suna raye ba. Yaya ya gane, ya sayi wannan da duk kasuwarsa, kuma har ya tsufa ban taɓa jin ya kira abin asara ba.