Ƙofofin Layinmu a Kwamfutar Yaya

Jiya a wurin aiki wata abokiyar aikina ta yi ta danna linzamin kwamfuta cikin fushi, ƙas, ƙas, ƙas, saboda wani shafi ya ƙi buɗe mata. Ban san lokacin da bakina ya suɓuce na ce mata, "Kin yi sallama kuwa?" ba. Ta ɗago ta dube ni kamar wadda ta fara zarewa. Ban tsaya yi mata bayani ba, don labarin yana da ɗan tsawo. Amma kai mai karatu, tunda ka zauna, bari in ba ka shi.

Ina 'yar shekara goma sha ɗaya a lokacin, a gidanmu na Yerimaram, cikin Potiskum. Bazara ce, irin wadda tabarma take ɗaukar zafi tun hantsi, ruwan randa kansa ya koma kamar an ɗora shi a wuta. Da rana kowa yakan kwaso jikinsa zuwa gindin bishiyar maina da ke tsakar gida, ƙudaje suna bin ƙwallon mangwaron da muka tsotse muka yar. Kuma shekarun rashin kwanciyar hankali ne, lokacin da garinmu ya koyi kallon mutum sau biyu kafin a amsa gaisuwarsa. Wanda ya tsaya ya daɗe a bakin layi, sai an tambayi ɗan gidan wane ne.

Kakata, mahaifiyar Baba, ba ta jira wannan zamanin ba kafin ta fara zargi. Da shi aka haife ta. In aka kawo mata nama sai ta ji wa ya yanka. In ta ɗaure akuyarta, akwai wani ƙulli nata na daban da take yi, don ta gane ko wani ya taɓa igiyar bayan ta juya baya. Daga wajen Mamudo aka auro ta, kuma har ta tsufa Hausarta ba ta rabu da karin harshen gidansu ba, amma ba ta taɓa rasa kalmar da za ta tsare mutum da ita ba. A cikin jikokinta duka, ni ce na gado ta, kuma ba na faɗin haka don yabon kai.

A wannan bazarar ce Yaya, babban wanmu, ya dawo gida saboda an rufe makarantarsu. Ya zo da wata tsohuwar kwamfuta da ake ɗorawa a cinya, da wani sabon hali. Da safe sai ya bi layinmu da wayarsa yana ɗaukar hoton ƙofofi: ƙofar langa-langa ta gidan tela, shuɗiyar ƙofar mai ƙosai, zauren malamin da ke karantar da mu. Ba mutane yake ɗauka ba, ƙofofi kawai. Sai ya dawo ya shige ɗaki, ya turo ƙyaure, mu yi ta jin ƙas, ƙas har azahar. Na leƙa ta taga sau ɗaya, na ga ƙofofin layinmu a jere a fuskar kwamfutar, kowace an zana ta tsaf. Ban faɗa wa kowa abin da na gani ba.

Abin da ya hana ni ci gaba da shirun ya faru ne wata rana da Kaka take zaune a gabana tana tsince wake. Bakinta a rufe yake, ina kallonta. Sai ga muryarta ta fito daga ɗakin Yaya, tana amsa sallama. Ita ba ta ji ba, don kunnenta na hagu ya yi nauyi. Ni kuwa na ji ta sarai. Da yamma a wurin famfo na kwashe komai na faɗa wa ƙawata, har na ƙara gishiri. Na ce Yaya ya tara ƙofofin mutane a cikin na'ura, ya kuma kama muryar Kaka ya kulle. Kafin magariba maganar ta zagaye unguwa, ta dawo gidanmu da ƙarin da ni kaina ban san da shi ba.

Baba ya tsare shi. Yaya ya ce ai gem ne yake haɗawa, ɗan gajeren wasa, wanda mutum zai riƙa nuna abu da kibiya yana dannawa har ya kai ƙarshen labari. Don ya wanke kansa, sai ya ce har ya ɗora shi a intanet, wasu sun buga sun rubuta ra'ayinsu. Ya karanto ya fassara mana. Wani daga wata ƙasa mai nisa ya ce zanen ya yi kyau amma wasan ya yi gajarta. Wata ta ce akuyar ciki ce kawai ta burge ta. Mutum biyu ko uku kuwa sun yi ƙorafin cewa ƙofofin sun lalace, an danna an danna sun ƙi buɗewa. Yaya yana karantawa yana murmushi, bai lura fuskar Baba tana ƙara ɗaurewa ba.

"Wato ƙofar gidana har ta kai ƙasar da ni ban taɓa takawa ba?" in ji Baba. "Su waɗannan mutanen, me suke nema a bayan ƙofar da suke ta ƙoƙarin buɗewa?"

Washegari Bulama, wato mai unguwarmu, ya aiko. Ya ce bayan la'asar zai zo a buɗe abin a gaban jama'a. In bayanin ya gamsar, shi ke nan. In bai gamsar ba, ba shi da zaɓi sai ya kai rahoto ga jami'an tsaro, saboda haka aka umarci masu unguwanni su yi. Ko ni da nake yarinya na san abin da wannan ke nufi: saurayin da aka ɗauka don amsa tambayoyi a wancan lokacin, ba a sa ran ganinsa a ranar. Inna ta tuƙa tuwo ba ta ci ba. Ni ma ban ci ba, amma nawa dalilin daban ne, kuma ban faɗa wa kowa ba.

Aka hallara a zaure. Ga Bulama, ga tela, ga malam, ga Baba, da wasu dattawa biyu. Ba wanda ya gayyaci Kaka, amma ta jawo 'yar kujerarta ta dasa a bakin ƙofa, ni kuma na raɓe a bayanta. Bulama ya ce Yaya ba zai taɓa kwamfutar ba, kada ya ɓoye wani abu. Abin da zai yi kawai shi ne ya nuna masa yadda ake motsa kibiya, sannan ya koma gefe ya zauna, kuma kada a ji bakinsa.

Wasan ya buɗe da wata yarinya a tsaye a kan layinmu, akuyar kakarta ta tsinke igiya, an aike ta nemowa. Bulama ya lallaɓa kibiyar da ƙyar har ta hau ƙofar gidan tela. Ya danna. Shiru. Ya sake dannawa. Ƙas, ƙas, ƙas. Ƙofa ko motsi. Tela ya fara share gumi da hularsa. Bulama ya juyo a hankali ya dubi Yaya, ya ce, "Me ka kulle a cikin gidan bawan Allah nan?" Yaya ya buɗe baki, Baba ya harare shi, ya mayar ya rufe. Na riƙe bayan zanen Kaka da hannu biyu.

Sai Kaka ta yi tsaki. "Kai Bulama," ta ce, "a gidanku haka ake faɗa wa gidan mutane? Tun ɗazu ina kallo kana ta buga ƙofa. Ka yi sallama?"

Ka san abin da Bulama ya yi? Gyara murya ya yi, ya dubi kwamfutar, ya yi mata sallama da ƙarfi. Malam ya danne dariya, sannan ya matso ya nuna masa wani ɗan rubutu a ƙasan allon, inda aka sa kalmar sallama. Bulama ya danna can. Yarinyar ta rusuna. Aka ɗan jira, kamar yadda ake jira a kowace ƙofa, sai wata murya ta amsa daga ciki, ƙofar ta buɗe. Babu komai a gidan sai keken ɗinki, da tela zanannen yana zaune. Shi ma bai faɗi inda akuya ta bi ba sai da aka gaishe shi, aka tambayi gida, aka tambayi aiki da zafi. Da Bulama ya kai kibiya kan wata igiya da ke rataye a bango, yarinyar ta girgiza kai, rubutu ya fito cewa ba tata ba ce, sai ta tambayi mai ita.

Daga nan zaman ya sauya. Mutanen da suka zo binciken laifi suka koma gardamar zane. Tela ya ce an tsufar masa da keken ɗinki, nasa bai kai haka lalacewa ba. Malam ya ce gaisuwar ta yi kyau, sai dai an manta da tambayar iyali a gida na uku. Bulama ya ce kwatar layin ta fi haka ƙazanta, kuma kowa ya san gidan da ke jawo hakan. Ɗaya dattijon ya ce shi fa har yanzu bai ga amfanin babba ya zauna neman akuyar ƙarya ba, amma bai tashi ba, shi ne ma ya fi kowa miƙa wuya. Ba a yi rabin sa'a ba suka zo ƙofar ƙarshe, wadda ta zama ɗakin Kaka. Ashe akuyar tana ƙarƙashin gadonta tun farko. Bulama ya danna sallama, muryar Kaka ta amsa daga cikin kwamfuta, a wannan karon kusa da kunnenta mai ji.

Bulama ya yi dariya, ya ce magana ta ƙare, babu abin kai rahoto a nan. Na ji Baba ya sauke numfashi. Kaka ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta juya ta dubi Yaya, wanda a kullum take tsokana da kiransa maigidanta.

"Yarinyar cikin akwatin nan ta fi ka tarbiyya," ta ce. "Ita ko igiya ba ta ɗauka sai ta tambaya. Kai ka ɗauki ƙofofin mutane, ka ɗauki muryata, wa ka tambaya?"

Yaya ya sunkuyar da kai. Ban taɓa ganin an yi wa mutum mai ilimi tsirara da magana ɗaya kamar ranar ba.

Hukuncinta aka bi. Yaya ya cire wasan daga intanet, ya bi layin gida gida, ya yi sallama, ya nemi gafara, ya nemi izini. Yawanci sun yarda, mai ƙosai ma cewa ta yi a ƙara wa ƙofarta shuɗi. Mutum ɗaya ya ce shi bai yarda ba, kuma bai ba da dalili ba. Yaya ya goge ƙofarsa ya zana bango a wurin, wasan da aka ce ya yi gajarta ya ƙara gajarcewa. Ita Kaka kwana uku ta ja masa rai. A rana ta huɗu ta ce a goge waccan muryar, don an ɗauke ta ne ba ta shirya ba, ko ɗankwali babu a kanta. Ta yi wanka, ta ɗaura zanen fita unguwa, ta zauna ta miƙe baya a gaban wayar, ta faɗi abin da ta ga dama a ɗauka. Duk da haka, har ta bar duniya ba ta yarda kwamfutar ta kwana a kusa da ɗakinta ba.

Yaya bai taɓa tambayar wanda ya fitar da maganar ba. Sai dai da ya gyara wasan, na ga yarinyar ta samu koren hijabi irin nawa, kuma in ka bi da ita ta wurin famfo sai ta tsaya surutu, ba ta tafiya sai ka ja ta. Na gane saƙon. Kunya ta hana ni ba shi haƙuri sai bayan shekaru, ya ce ai shi ya riga ya rama.

Yanzu in ka shiga layinmu ba za ka ga ƙofa ɗaya daga cikin waɗancan ba. Duk an sa manyan ƙofofin ƙarfe, mai zuwa yakan tsaya a waje ya buga waya ya ce yana bakin gida. Ɗakin Kaka an rushe shi an fitar da shago. Ni ma zargin nan nawa ya ragu, ko da yake har gobe ina duba ƙullin ledar da aka aiko mini. Wasan yana nan a kwamfutata, ba na buɗe shi sai na yi kewa. Nakan bi gidajen ɗaya bayan ɗaya, in gaishe da mutanen da rabinsu sun rasu, har in zo ƙofar ƙarshe. A nan nakan daɗe hannuna a kan linzami kafin in danna sallama. Sai a ɗan jira, sannan in ji ta: "Wa'alaikumus salam. Waye? 'Yar gidan wa? Me kika zo nema?" Jiya da na dawo daga aiki na sake buɗewa, kuma duk da na san ba ji take ba, sai da na amsa mata da baki, na ce, "Ni ce, Kaka. Ba abin da na zo ɗauka."